Natalie Barney: Attajirar Amurka da ta mai da gidanta zaure a Paris

Yau za mu ɗan leƙa rayuwar wata mata da ta zauna a ƙasar wasu, kamar yadda mu ma muke zaune nesa da gida.

An haifi Natalie Clifford Barney a 1876 a garin Dayton, jihar Ohio ta Amurka. Arzikin gidansu daga masana'antar ƙera taragon jirgin ƙasa ya fito, kuma da mahaifinta ya rasu a 1902 ta gaji dukiya mai yawa. A 1909 ta tare a gida mai lamba 20, titin Jacob, a Paris. Kusan shekara 60 ƙofar gidan nan a buɗe take duk ranar Juma'a. Marubuta irin su Colette da Gertrude Stein da Ezra Pound sun sha zama a wurin, ana karatu ana muhawara. A 1927, ganin babbar majalisar marubutan Faransa ba ta karɓar mata, sai ta kafa tata ta mata zalla. Waccan majalisa ba ta ɗauki mace ba sai 1980.

Ba mu ce a yi koyi da ita a komai ba. Zamanta na aure da soyayya ya saɓa wa abin da muka yarda da shi, wannan ba sai an faɗa ba. Amma a ganinmu abin da ya sa ake tunawa da ita yau shi ne zauren nan. Wasannin kwaikwayon da ta rubuta, waɗanda wasu a lambun gidanta aka yi su, kusan an manta da su. Attajirai nawa ne a cikinmu da ke da falo mai ɗaukar mutum hamsin, amma ɗalibi ko marubuci bai taɓa taka shi ba sai ranar biki?

Wani abu kuma ya fi damunmu. Kusan duk rubutunta da Faransanci ta yi, shi ya sa mutanen ƙasarta da yawa ba su san ta ba. Mu da 'ya'yanmu ke tasowa suna jin Turanci da Yarbanci ko Igbo fiye da Hausa, wannan ya shafe mu.

Ta rasu a Paris a 1972 tana da shekara 95, kuma a can aka binne ta.