Filin Mawaƙa: Ƙarfin Murya Ba Ihu Ba Ne

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai wata unguwa da ake kira Broadway, inda ake yin wasan kwaikwayo irin wanda ɗan wasa yakan faɗi rabin maganarsa da waƙa. 'Yan wasan nan sukan hau dandamali sau 8 a mako, wata da watanni, duk da murya ɗaya. Mun ga ya kamata mawaƙanmu da matan zumunta su san asirin abin, gama da yawa cikinmu muna zaton sai jijiyar wuya ta tashi kafin a ce mutum ya yi waƙa.

A shekara ta 1930 wata budurwa mai suna Ethel Merman ta fito a wasan Girl Crazy. A zamanin nan ba a sa wa 'yan wasa makirufo, amma na kujerar baya yana jin kowace kalma tata bisa ƙarar ƙaho da ganguna. Ina ƙarfin ya fito?

A cikin maƙogwaronmu akwai 'yan tantani biyu, tsawonsu wajen santimita 2 ne kawai. Iskar da ta fito daga huhu ita ke kaɗa su, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya. Su kaɗai amonsu ƙanƙane ne. Kogon baki da na maƙoshi su ke ƙara shi, kamar yadda ƙoƙo ke ƙara amon tsirkiyar goge. Saboda haka wanda ya matse wuya ya toshe ƙoƙonsa ke nan.

To, sai mu fara daga numfashi. Mu tsaya a miƙe, hannu a kan ciki, mu ja iska har ciki da haƙarƙari su buɗe, kafaɗu kuwa kada su ɗaga. Sa'an nan mu sake ta a hankali da "sss", muna ƙirga a zuci, kullum muna ƙara kaɗan. Kafin waƙa mu yi minti 10 muna "mmm" da baki rufe har leɓuna su yi ƙaiƙayi. In mun buɗe baki, mu saki muƙamuƙi, harshe ya kwanta.

Ƙarfi kaɗai ba ya taɓa zuciya. 'Yan wasan Broadway sukan fara karanta kalmomin waƙa kamar magana, su tambayi kansu: da wa nake magana, me nake roƙo? Mu ma mu yi haka. Baitin da aka fara a hankali shi ke sa mai ƙarfin ya yi nauyi in ya zo.

Mu kuma tuna murya tana iya ɓacewa. Julie Andrews, wadda ta yi fice a fim ɗin The Sound of Music na 1965, an yi mata aiki a maƙogwaro a 1997, muryar waƙarta kuwa ba ta komo kamar dā ba. Rigakafi ya fi magani. Mu yawaita shan ruwa, tun ba lokacin hunturu ba, mu guji taba da hayaƙin murhu. In waƙa ta sa mana zafi a wuya, mu dakata. In murya ta dushe mu huta, ko raɗa ma kada mu yi, gama ita ma tana gajiyar da tantanin. In dushewar ta wuce mako 3, sai a ga likita.

Iyaye, kada mu ce wa yara "ɗaga murya!" kawai. Mu koya musu numfashi tukuna. Sai wata mai zuwa.