Tasha a Zawaciki, Jirgi a Ibadan

A watan Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, aka yanke kyalle, aka yi tafi. Ta Kaduna ta riga ta tun 2018, ta Funtuwa ta biyo baya a 2024. Amfanin irin wannan tasha guda ne: kwantena ta sauka a Apapa, ta hau jirgin ƙasa, kwastan su duba ta a Kano, ɗan Kantin Kwari ya karɓi kayansa a ƙofar gida. To ina jirgin?

Sabon layin dogo da ya taso daga Legas a 2021 a Ibadan ya tsaya. Na Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, amma tsakanin Ibadan da Abuja babu ko ƙarfe ɗaya na sabon layi. Abin da ya haɗa Kano da teku har yau shi ne tsohon siririn layin da Turawa suka kawo a 1911, kuma faɗinsa ba ɗaya ba ne da na sabon, taragon wannan ba ya hawa wancan. An sayi linzami, an ɗinka sirdi, dokin yana wani gari.

Kada wani ya ce mana rashin kuɗi ne. An samu kusan dala biliyan 2 an ba da kwangilar layin Kano zuwa Maraɗi. Aikin yana da kyau, Maraɗi 'yar'uwa ce a fatauci, amma kayan da za a kai mata ta wace hanya za su iso Kano? Rashin zama wuri ɗaya ne ciwon. Tashoshin ruwa suna hannun wata ma'aikata, layin dogo yana hannun wata, titi na ma'aikatar ayyuka ne, kwastan kuma na ma'aikatar kuɗi. Kowane minista burinsa ya ga allo da sunansa kafin wa'adi ya ƙare. Har tashar Lekki, sabuwa fil, aka buɗe ta babu layin dogo a jikinta.

Ku kuma manyan 'yan kasuwa, ba ku fita ba. Masu fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau sun fi kowa sanin tan nawa ke tashi bayan kaka da watan da kaya ke cunkushewa. Da ƙungiyoyinku sun haɗa kai sun ce ga kwantena kaza duk mako, mun ɗauki alkawari, da hukumar jiragen ƙasa ta rasa bakin cewa babu kaya. Sai kowa ya ɓoye lissafinsa don kada maƙwabci ya gani, ya kira direban tirela, ya biya kuɗin shinge tun daga Jebba har Kwanar Ɗangora, sannan ya ɗora wa mai saye.

Tirelolin nan kuwa su ne ke farfasa titin da za a sake ciwo bashi a gyara.