Ra'ayinmu: A Gyara Tsohon Jirgi, Amma Ban da Faci a Salansa

Duk shekara idan hunturu ya ja baya a arewacin Amurka, ƙanƙara ta narke a tabkunan Minnesota da Michigan, masu ƙananan jiragen ruwa na wasan zamiya sukan fito da su daga ma'ajiya. Jirage ne masu inji da ake ɗaura wa igiya ta baya, mutum ya riƙe ta yana tsaye kan allunan da ke ƙafarsa, jirgi na jan sa yana sulu a saman ruwa. Ralph Samuelson ne ya fara wasan a tabkin Pepin na jihar Minnesota a 1922. Kamfanin Correct Craft ya fitar da samfurin Ski Nautique a 1961, aka kafa MasterCraft a 1968, kuma dimbin jiragen da aka ƙera a shekarun 1980 da 1990 har gobe suna kan ruwa, wasunsu a hannun mai shi na uku ko na huɗu. A irin wannan lokaci ne mai jirgi ke ɗaga murfin inji ya ga jan layin tsatsa ya gangaro daga mahaɗar salansa, sai gardama ta tashi: a toshe yoyon a ci gaba da harka, a sauya kayan, ko a haƙura da jirgin gaba ɗaya?

Kafin a yanke hukunci sai an fahimci yadda abin yake aiki. Injin waɗannan jirage asalinsa na mota ne, galibi Ford mai lita 5.8 ko Chevrolet mai lita 5.7, wanda kamfanoni irin su PCM da Indmar suka gyara don ruwa. A mota iska ce ke sanyaya salansa, idan ta huje kuma galibi ƙara ce za ta dami mutum, mai walda ya like ta cikin rabin sa'a. A jirgi inji a rufe yake cikin akwati, ba isasshiyar iskar da ke ratsa shi. Don haka aka yi manifol, wato sashen salansa da ke karɓar hayaƙi daga inji, da ƙarfen zubi mai bango biyu: hayaƙi na bi ta tsakiya, ruwan tabki da famfo ke zuƙowa yana zagaya shi ta waje. A samansa akwai wata gwiwa da ke ɗaga hayaƙin sama, don kada ruwa ya komo cikin inji, kuma kowane gefen inji na da nasa manifol da gwiwa. Sai a bakin gwiwar ne ruwa da hayaƙi ke haɗuwa, su bi tiyo na roba su fita ta bayan jirgi. Abin da ya raba ruwa da hayaƙi a mahaɗar manifol da gwiwa shi ne gaskit siriri da 'yar leɓar ƙarfe.

Nan matsalar take. Ƙarfen zubi daga ciki yake cin tsatsa, inda ido ba ya gani. A ruwan gishiri 'yan shekaru kaɗan yake yi, a ruwan tabki yakan daɗe sosai, amma ba ya dawwama. Sanyi ma yana da nasa: ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, wanda ya manta bai zubar da ruwan manifol kafin hunturu ba zai tarar da shi a tsage. Yoyon da ya fito waje shi ne mai sauƙi, domin ya nuna kansa. Wanda ya koma ciki yana sauka kan bawul, ya shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa, idan aka tayar da inji fistan ya doke shi, sandar fistan na iya lanƙwashewa, inji ya tashi aiki. Alamunsa sanannu ne ga makanikai: baƙin mai ya koma kamar madara, filogi ya jiƙe ko ya yi tsatsa, inji ya riƙa wuyar tashi, gwiwa ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi. Idan kuwa tsatsa ta toshe hanyar ruwa, ko fukafukan robar famfo suka kakkarye, hayaƙi mai zafi zai ƙona tiyon. Bakin salansa kuwa dab da ruwa yake, tiyon da ya fashe ƙofa ce da tabki zai shigo cikin jirgi.

Masu cewa a gyara suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Sabon jirgin irin wannan wasa a yau kuɗinsa ya fi ƙarfin ma'aikaci, tsohon ne ya ba iyalai masu matsakaicin hali damar shiga. Injinsa ba shi da sarƙaƙiya, kayan gyaransa na nan a kasuwa, mutum mai sifana da haƙuri zai iya kwance manifol a gida. Gangar jikin jirgin kuma ta fi injin daɗewa, kuma da wuya a narkar da ita a sake amfani da ita, yar da ita ƙarin shara ne. Ba kowane yoyo ne kuma ke nufin ƙarfe ya mutu ba. Sau da yawa gaskit ne ya gaji, ko maɗaurin tiyo ya saki, ko noti ya kwance. A nan Bahaushe ya yi gaskiya da ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Masu cewa a yi hattara su ma ba tsoro kawai suke yaɗawa ba. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau 200 da ɗoriya. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, waɗanda a kan ruwa kowa zai ɗora wa rana ko rawar jirgi. Mai karatu a Kano ko Kaduna ya san wannan iska, ita ce ke kashe iyali a ɗaki idan an kwana da janareta a rufe. Amurkawa sun farga da haɗarinta a ruwa bayan mutuwar wasu yara biyu 'yan gida ɗaya a tabkin Powell a shekarar 2000, waɗanda suka shaƙi hayaƙin janaretan jirgi suna iyo a bayansa. A 2004 jihar California ta hana mutum riƙe dandamalin bayan jirgi ana jan sa inji na aiki. Minnesota ta yi doka a 2016 da ta wajabta na'urar gano wannan iska a jiragen da ke da ɗakin kwana. Daga 2010 kuma ƙa'idar tarayya ta sa sababbin injinan irin waɗannan jirage suka fara zuwa da na'urar tace hayaƙi. Tsofaffin ba su da ita. Dokar California da ƙa'idar tarayya sun shafi hayaƙin da ke fita ta inda ya kamata ya fita. Salansa mai yoyo kuwa cikin jirgi take sako shi, kuma a jirgin zamiya na asali inji a tsakiya yake, fasinjoji na zaune kewaye da akwatinsa, yara a kujerar baya.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da gaskiya a wani wuri. Kuskuren masu gyara shi ne ɗaukar kowane gyara ɗaya ne. Sauya gaskit bayan an goge fuskar ƙarfe an tabbatar ta miƙe gyara ne na ƙwarai. Shafa gam a kan tsagar manifol, ko yi wa ƙarfen zubi da tsatsa ta cinye walda, rufe ido ne kawai, domin tsagar da ake gani a waje ba ta faɗin halin bangon ciki. Kuskuren ɗaya ɓangaren kuma shi ne ɗora laifi kan shekarun jirgi. Jirgi mai shekara 35 da sabuwar salansa ya fi mai shekara 10 da aka yi sakaci da shi aminci.

Ra'ayinmu shi ne a gyara tsohon jirgi, a ci moriyarsa, amma salansa ba wurin tsimi ba ce. Duk wanda ya ga tsatsa ko ɗigo a mahaɗa ya kwance gwiwar ya duba da idonsa, a gwada manifol da ruwa ko matsin iska. In leɓar ƙarfe ta ci ko hanyar ruwa ta toshe, a sauya, kuma a sauya na gefen inji biyun tare tunda shekarunsu ɗaya, ruwa ɗaya suka sha. Tiyo ya kasance wanda aka yi don salansar jirgi, da maɗauri biyu a kowace mahaɗa. Robar famfo a sauya ta a kan lokaci, kada a jira ta karye. A sa na'urar gano kabon monoksaid ko da doka ba ta tilasta ba, kuma kada kowa ya zauna ko ya yi iyo a bayan jirgi inji na aiki. Mai sayarwa ya faɗi shekarar da aka sauya salansa, mai saye kuma idan ba a nuna masa shaida ba ya cire kuɗin sabuwa daga ciniki. Wanda aljihunsa bai kai ga sauyawa a bana ba, ya bar jirgin a kan tudu har ya samu. Rashin wasan shekara ɗaya ya fi sayen sabon inji araha, balle asarar rai.