SHARHI: Ƙwayar Enterococcus a Takardar Gwaji, da Allurar da Ba Ta Jin Ta

A taron ministocin lafiya na duniya kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna, wanda aka yi a Jidda a Nuwamban 2024, Nijeriya ce aka miƙa wa baƙuncin zama na gaba a 2026. A shekarar ta 2024 ne kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na biyu na yaƙi da matsalar, wanda zai kai 2028. Dalilin damuwar a fili yake: binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta yi ajalin mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a.

Sai dai ba a zauren taro ake shuka matsalar ba. Ana shuka ta ne tsakanin ɗakin gwaji da shagon magani, lokacin da ma'aikaci ya karɓi sakamakon gwajin fitsari, ya ga an rubuta Enterococcus, ya wuce kemis kai tsaye ba tare da likita ya duba takardar ba.

Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Gidanta hanji, kuma tana zaune lafiya a cikin kowa. Iri biyu ne suka fi jawo cuta: faecalis, wanda ya fi yawa kuma ya fi jin magani, da faecium, mai taurin kai, wanda aka fi gamuwa da shi a asibiti. Ɓarnarta tana farawa ne idan ta bar hanji ta shiga mafitsara, ko rauni, ko jini. Daga jini tana iya maƙalewa a murfin ƙofofin zuciya, kuma wannan jinya ce ta mako huɗu zuwa shida ana allura ta jijiya, wani lokaci har da tiyata. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne tsofaffi, da masu ciwon sukari ko na ƙoda, da masu kumburin mafitsara ta maza, da duk wanda aka daɗe da sa wa robar fitsari.

Ganin sunanta a takarda kuwa ba ya nufin mutum yana da cuta. Fitsarin da ba a tara daga tsakiyar zubarsa ba, ko wanda ya wuce awa biyu a kan tebur kafin a shuka shi, yana iya fitar da ƙwayar da ta fito daga fata kawai. Ko da ƙwayar tana cikin mafitsara da gaske, ƙa'idar likitoci ita ce ba a ba da magani ga wanda ba ya jin zafin fitsari, ko zazzaɓi, ko ciwon mara, in ban da mai juna biyu da wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari. Jini daban ne: Enterococcus a gwajin jini magana ce ta asibiti a ranar, ba ta jiran ƙarshen wata ba.

A nan ne al'adarmu ta shan magani take yi mana illa biyu. Allurar ceftriaxone, wadda ta zama abin da ake fara miƙa wa duk mai "ciwon sanyi", ba ta kashe wannan ƙwaya ita kaɗai, haka ma danginta irin su cefuroxime. Ba wai ƙwayar ta koyi bijire masu ba ne. Haka halittarta take. Septrin ma ba abin dogaro ba ne a kanta. Abin da allurar ke yi shi ne share sauran ƙwayoyin hanji, ta bar wa Enterococcus fili ta yaɗu. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, ya ƙara wa abokiyar gabarsa ƙarfi. Abin mamaki, maganin da ya fi dacewa da faecalis galibi shi ne mai araha, wato ampicillin ko amoxicillin, ko nitrofurantoin idan cutar ba ta wuce mafitsara ba. Wanne ne a ciki, kuma na kwana nawa, likita ne zai yanke bayan ya karanta jerin magungunan da ke ƙasan takardar, inda harafin S ke nuna wanda ƙwayar ke ji, R kuma wanda ta bijire wa.

Idan waɗannan suka gaza, sai vancomycin. Tun 1986 aka fara gano nau'in da ba ya jin sa a Ingila da Faransa, kuma Tarayyar Turai ta haramta avoparcin a abincin dabbobi a 1997 saboda alaƙarsa da yaɗuwar nau'in. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa faecium mai bijire wa vancomycin cikin jerin ƙwayoyin da suka fi buƙatar sabon magani a 2017, ta sake sa shi a 2024. Abin da ya rage bayansa, irin su linezolid da daptomycin, tsadarsu ba ta albashin ma'aikaci ba ce.

Masu rubuta wa ministoci takardun bayani ya kamata su lura cewa makaman da ake buƙata suna nan a doka. Akwai majalisar da ke sa ido kan ɗakunan gwaje-gwaje, akwai ta masu harhaɗa magunguna da ke ba kemis lasisi, akwai kuma hukumar inshorar lafiya, NHIA, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta. Ta ukun ce, a ganina, ta fi riƙe da linzami, domin ita ke tsara abin da ake biya. Idan ta sauƙaƙa amincewa da kuɗin gwajin shuka ƙwaya, ta kuma ɗaure biyan kuɗin allurai masu ƙarfi da sakamakon gwajin a inda ba gaggawa, asibitocin Garki da Wuse da Nyanya za su sauya hali kafin a kammala buga sanarwar bayan taro.