Mun haddace zanen, ba mu taɓa ganin na'urar ba

Duk wanda ya yi ajin ƙarshe na lise a seri C ko D ya san zanen nan: ƙwayar zarra ta shiga filin maganaɗisu, ta yi kwana, a ce ka lissafo inda za ta faɗi. Mun haddace shi don bak. To, ƴan'uwa, wa ya taɓa gaya mana amfaninsa? Ni dai na fita lise ina zaton wasan alli ne kawai.

Alhali sikeli ne, na awon abin da ido ba ya gani. Aikinsa kamar shiƙar hatsi: iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zubo kusa. A na'urar ana ba ƙwayoyin cajin lantarki, a harba su, maganaɗisu ya karkata su. Mai sauƙi ta karkata sosai, mai nauyi kaɗan, kowace ta sauka wurinta a ƙirga ta. Francis Aston ya ƙera irinta a Ingila a 1919, ya samu lambar Nobel a 1922.

Da muka ce ɗaliban jami'a su riƙa zagaya kolej da lise suna nuna wa ƙanne wannan, sai wasu suka ce: yaran da ke karatu a rumfar zana, ba ko benci, ina su ina sipektoro? Wallahi wannan magana raini ce da ta sa rigar tausayi.

Uraniyom na Arlit fa? Cikin kashi 100, kusan 0,7 ne kawai uraniyom 235, sauran kusan duka 238. Da irin wannan na'ura ake tantancewa. Da ita aka lura a 1972 cewa na Oklo, a Gabon, ya ɗan gaza, har aka gano wurin ya taɓa zama murhun nukiliya da kansa, shekaru kusan biliyan 2 da suka wuce. Ita ke iya gano gubar aflatoksin a gyaɗa, ita ke tona asirin jabun maganin da ake yawo da shi a faranti. Ƙasar da ba ta iya awon kayanta, abin da mai saye ya faɗa shi za ta karɓa.

Gaskiya ne na'urar tana da tsada, ba mai ɗaukar ta zuwa Tasawa ko Madawa. Amma darasin farko ba ya buƙatar ta. Tebur, fanka, ƙwallaye masu girma ɗaya, na ƙarfe da na roba: a gangaro su gaban iska, yara su ga wace ta fi karkata. Shi ke nan, an buɗe ƙofa.

Jami'ar Yamai sunan Abdu Mumuni take ɗauke da shi, masanin fizik, kuma shi ma daga ƙaramar lakkol ya faro. Hutu na zuwa. Kowa ya koma lakkol ɗin da ta yaye shi, ya roƙi awa ɗaya wajen darakta. Fankar ma a aro ta.