Rumfar da ke Wa'azin Makamashi Mai Tsafta ta Nuna Mana Mitarta

Daga 10 ga Yuni zuwa 10 ga Satumban 2017, birnin Astana na Kazakistan ya karɓi baƙuncin bajekolin duniya a kan makamashin gobe. Ƙasashe fiye da ɗari suka kafa rumfuna. A tsakiyar fili mai masaukin baƙi ta gina Nur Alem, dunƙulallen gini na gilashi da ƙarfe mai faɗin mita 80, benayensa suna ba da labarin rana da iska da ruwa. A daidai lokacin, mafi yawan lantarkin ƙasar daga ƙona kwal yake fitowa.

Ban kawo wannan don in tsangwami Kazakistan ita kaɗai ba, ciwon na kowa ne. An mayar da rumfar ƙasa gidan majigi: a rufe ɗaki ruf, a kunna iyakwandishan, a jera manyan alluna masu shan wuta, sannan a nuna wa baƙo hoton farantan sola suna ƙyalli. Ya fito yana tafi, bai san ko nawa ɗakin ya sha ba, bai kuma san inda wutar ta fito ba. Wannan tallar magani ce a bakin mai tari.

Hujjata ita ce: ginin da kansa shi ne shaida ta farko, kuma da tambaya biyu ake auna shi. Wutar da yake sha daga ina take? In an tashi taro, ina za a kai shi?

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, domin babban bajekoli wata shida kacal yake yi, alhali yin siminti kaɗai na fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya. Wanda ya zuba kankare don ginin wata shida ya ci bashin da farantan rufinsa ba za su biya cikin wata shida ba. A duba Hanoba ta Jamus a 2000. Rumfar Holan, wadda kamfanin MVRDV ya zana, ta ɗora daji a bene da injinan iska a kan rufi, ta sha yabo. Da aka watse sai aka bar ta kango kusan shekara ashirin. A fili guda, Shigeru Ban ya yi wa Japan rumfa da bututun takarda da za a sake sarrafawa, Peter Zumthor kuma ya jera wa Suwizalan katako ba ƙusa ba gam, don a kwance shi a sake amfani da shi. Waɗannan biyun sun yi tunanin ranar tashi tun ranar aza harsashi.

Za a ce bajekoli wurin zaburar da mutane ne, dole a burge su. Na yarda. Sai dai burgewa ba ta buƙatar ƙarya. A Dubai, inda aka buɗe bajekoli a Oktoban 2021, Maroko ta ɗaga dogon gini mai bangon daɓaɓɓiyar ƙasa, irin bangon da ke tsare zafin rana. Duk wanda ya taɓa fakewa a soron ƙasa a watan Afrilu ya san wannan ilimi da fatar jikinsa. Wutar da ba a buƙace ta ba ita ce mafi tsafta.

Riyad za ta karɓi bajekolin 2030, cikin ƙasa mai zafi da arzikin mai. Ga abin da ya kamata a gindaya wa duk mai neman kwangilar zanen rumfa. A kafa mita a bakin ƙofa, kowa ya ga abin da ginin ya samar da abin da ya sha a ranar. A rubuta a bango kason kwal da gas da rana a lantarkin ƙasar, ko da adadin abin kunya ne. A kuma sa hannu kan takardar inda kowane ginshiƙi zai koma kafin a haƙa rami. Ƙasar da ta ƙi waɗannan sharuɗɗa tana da 'yancin nuna raye-rayenta da abincinta, amma ta cire kalmar ɗorewa daga allon ƙofarta.