Gidan Da Ba Zaure, Na Wane Ne?



Kwanakin nan dillalai sun cika wayoyinmu da tallar gidan harhaɗawa, wanda ake ƙera bangonsa da rufinsa a masana'anta, a ɗauko a mota, a ɗaure da kusoshi cikin 'yan kwanaki. Hujjarsu ɗaya ce: sauri. Ba mu musun saurin. A shekarar 2020 ƙasar Sin ta tsayar da asibitin Huoshenshan mai gado 1,000 a birnin Wuhan cikin kwana 10. Amma asibitin annoba zaman wucin gadi ne, gida kuwa har jikoki ake gina wa.

Su tambayi Ingila. A 1968 iskar gas ta fashe a benen Ronan Point mai hawa 22 a Landan, wanda aka haɗa da allunan kankare, kusurwa guda ta rufto, mutum 4 suka rasu. Da aka zo rushe shi a 1986, an tarar an cusa jaridu a wasu mahaɗai maimakon siminti. Ƙarfin irin wannan gini a mahaɗa yake, mahaɗar kuwa ɓoye take. A Nima ko Kumasi, wa zai duba mana ita?

Abin da ya fi damuna shi ne fasalin. Ina zauren da mai gida ke karɓar baƙi, malam ke karantar da almajirai, ake zaman makoki? Ina tsakar gidan da iyali ke girki da shanya cikin sutura? Gidanmu yana girma da mutanensa: ɗa ya yi aure, a ƙara masa ɗaki. Akwatin ƙarfen da aka yanka a wata nahiya ba ya karɓar ƙari sai an sake odar kaya da dala, magininmu kuma yana zaune ba aiki.

Kada a ce mana tsoron zamani muke yi. Tubalin kakanninmu ma a gefe ake curawa, rana ta busar, sannan a jera. Da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya.

Don haka ina kira ga sarakunan zango da masu unguwanni: duk mai kawo wannan haja, a buƙaci ya nuna takardar injiniya, ya zana zaure da tsakar gida, ya koya wa samarinmu ɗauri da gyara. In ya ƙi, a sallame shi. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Allah ya rufa mana asiri a gidajenmu. Wassalam.